Natsuwa, Kirki da Wadar Zuci: Hanyar Zaman da Zai Ɗore

Gabatarwa

Kowane manomi ya san wata doka da ba a rubuta ba: komai tsananin yunwa, ba a cin iri. Wanda ya daka irinsa da bazara ya yi tuwo, ya ƙoshi na kwana biyu, amma ran da ruwan shuka ya sauka ba shi da abin da zai sa a ƙasa. Abin da muke nufi da zaman da zai ɗore ke nan: mu ci, mu sha, mu yi aiki yau ta hanyar da ba za ta cinye rabon gobe da rabon 'ya'yanmu ba. Iri kuwa ba hatsi kaɗai ba ne. Ƙarfin gona iri ne, lafiyar jiki iri ce, amincin da ke tsakanin maƙwabta ma iri ne. Dukansu ana iya cinye su da garaje.

Wannan koyarwa tana bayani a kan halaye uku da suke tsare mana wannan iri: natsuwa, kirki da wadar zuci. Za mu duba ma'anarsu da tushensu cikin Maganar Allah, sa'an nan mu auna su da halin da ake ciki a ƙasar 'Yankuzo ta ƙaramar hukumar Tsafe a jihar Zamfara, da maƙwabtanta Gusau da Bunguɗu. Mun zaɓi wannan yanki domin wuri ne da yake da wuya a ce wa mutum ya bi a hankali. Koyarwar da ba za ta iya tsayawa a wuri mai wuya ba, ba ta da amfani ga ikkilisiya.

Ma'anar kalmomin

Natsuwa ita ce kwanciyar zuciya da take sa mutum ya yi abu a lokacinsa, da hankalinsa a jikinsa. Idan aka ɗebo ruwan rafi da damina aka zuba a randa, ba a shansa nan take. Akan bar shi laka ta kwanta tukuna. Haka zuciyar mutum take. Natsuwa dabam take da ragwanci. Karin Magana 6:6-11 ta tura rago wurin tururuwa ya koyi aiki, Bulus kuma ya tsawata wa masu zaman banza a 2 Tasalonikawa 3:10-12. Mai natsuwa yana aiki tuƙuru, sai dai ya san lokacin da zai ajiye fartanya.

Kirki shi ne halin da yake lura da mai rauni, ya sassauta masa. Bahaushe ya san wanda yake kira mutumin kirki: mai gaskiya, mai amana, mai kunya, wanda ba ya wulakanta na ƙasa da shi. A Galatiyawa 5:22-23 an jera wannan hali tare da ƙauna, salama, haƙuri da kamunkai cikin albarkar Ruhu. Abin lura shi ne an kwatanta su da 'ya'yan itace. Ɗan itace ba ya nuna don an yi masa tsawa.

Wadar zuci ita ce sanin cewa abin da Allah ya ba mu ya isa mu gode, ko da muna neman ƙari ta hanyar gaskiya. Bulus ya rubuta a kanta yana kurkuku, ya kuma ce koyonta ya yi, cikin ƙoshi da cikin yunwa (Filibiyawa 4:11-12). Tun da koya ake yi, kowane mai bi zai iya samunta.

Ukun nan a haɗe suke. Wanda ba shi da wadar zuci ba zai natsu ba, domin kullum yana tsere da wani. Wanda bai natsu ba kuwa ba shi da lokacin yin kirki, domin kirki yana bukatar a tsaya a duba fuskar mutum.

Tushe a cikin Littafi Mai Tsarki

Aiki da hutu tare aka ba mu su. A Farawa 2:15 Allah ya sa mutum a gonar Aidan da aiki iri biyu, nomanta da kiyaye ta. Kafin wannan, Farawa 2:2-3 ta nuna Allah da kansa ya dakata a rana ta bakwai. Kalmar Ibrananci da aka samo Asabar daga gare ta, wato shabat, ma'anarta a tsaya, a daina. Allah ba ya gajiya (Ishaya 40:28), saboda haka dakatawarsa misali ce ya kafa wa halittarsa.

Shari'ar Musa ba ta bar wannan hutu ga mai gida shi kaɗai ba. Fitowa 23:12 ta ambaci sa da jaki da ɗan baiwa da baƙo, cewa su ma su sami sararawa. Ayoyi biyu da suka gabace ta sun kai hutun har ga ƙasa: shekara shida a noma, ta bakwai a bar gona, abin da ya tsiro ya zama na matalauta da namun jeji. Littafin Firistoci sura 25 ya faɗaɗa wannan, ya ƙara da shekara ta hamsin wadda a cikinta gonar da aka sayar saboda talauci take komawa ga danginta. Dalilin da aka bayar a aya 23 shi ne ƙasa ta Allah ce, mutane baƙi ne a kanta. Da Isra'ila suka yi biris, 2 Tarihi 36:21 ta ce shekara 70 na bauta a Babila sun zama hutun da ƙasar ta daɗe tana bi bashi.

Akwai kuma ƙananan dokoki da suke koyar da hannu mai sauƙi. Kada a girbe gona har gefenta, kada a koma kala, a bar wa matalauci da baƙo (Littafin Firistoci 19:9-10). Da wannan kala ne Rut ta ciyar da surukarta a gonar Bo'aza. Kada a sare itatuwa masu 'ya'ya ko a lokacin yaƙi (Maimaitawar Shari'a 20:19). Wanda ya sami sheƙar tsuntsu kada ya haɗa uwa da 'ya'ya ya kwashe (22:6-7). A biya ɗan ƙodago hakkinsa kafin rana ta faɗi (24:14-15). Kowace ɗaya tana cewa abu guda: kada ka kwashe duka, ka bar saura.

Misalin da ya fi kusa da rayuwarmu yana cikin Farawa 33:12-14. Bayan Yakubu da Isuwa sun sulhunta, Isuwa ya ce su kama hanya tare. Isuwa yana da mutum 400 majiya ƙarfi. Yakubu ya ƙi, ya ba da dalili irin na makiyayi: yaran ba su yi ƙwari ba, akwai tumaki da shanu masu shayarwa, in aka kora su da ƙarfi yini guda garken zai mutu. Ya ce zai bi a hankali, daidai da tafiyar dabbobi da ta yara. Wannan shi ne ma'aunin da za mu riƙe cikin koyarwar nan duka: saurin gida, ko na gona, ko na ikkilisiya, ana auna shi ne da ƙafar wanda ya fi rauni.

Ubangijinmu Yesu ya cika wannan koyarwa. Ya ce saboda mutum aka yi Asabar (Markus 2:27). Da almajiransa suka rasa ko zarafin cin abinci saboda taro, ya janye su zuwa wurin da ba kowa don su huta (Markus 6:31). Ya tsaya a tsakiyar hanya saboda mace guda marar lafiya, alhali ana jiransa da gaggawa a gidan Yayirus (Markus 5:21-43). Ya kuma ba da misalin mai arzikin da ya rushe rumbunansa don ya gina manya, bai san daren nan ne ƙarshensa ba (Luka 12:16-21).

Ƙasar 'Yankuzo da noman iyayenmu

An ƙirƙiro jihar Zamfara daga tsohuwar jihar Sakkwato ranar 1 ga Oktoba 1996, ta kuma ɗauki noma a matsayin abin alfaharinta. Tsafe tana kan babbar hanyar da ta taso daga Funtuwa zuwa Gusau, tana iyaka da jihar Katsina. 'Yankuzo da ƙauyukan da ke kewaye da ita ƙasar noma ce: gero, dawa, masara, wake, gyaɗa da auduga. Tun da layin dogo ya taso daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929, gyaɗa da audugar wannan yanki suke fita zuwa kasuwannin nesa.

Iyayenmu a wannan ƙasa, Musulmi da Maguzawa da Fulani, suna da hanyoyin da suka yi kama da abin da muka karanta a Shari'ar Musa, ko da yawancinsu ba su taɓa karanta ta ba. Alherin Allah ne da yake ba kowa. Gonar da ta gaji akan bar ta ta zama saura na 'yan shekaru. Akan haɗa gero da wake a kunya ɗaya, saiwar wake da ta gyaɗa kuwa suna ƙara wa ƙasa abincin da gero yake ci. Akan bar gawo, ɗorawa, kaɗanya, kuka da tsamiya a tsakiyar gona. Gawo yakan zubar da ganyensa da damina, don haka ba ya hana shuka rana, ganyen ya zama taki, da rani kuma 'ya'yansa su ciyar da dabbobi. Bayan girbi makiyayi yakan sauka da shanunsa a gona, su ci kara su bar kashi, manomi ya ba shi hatsi, matarsa ta kawo nono. Akwai burtali da kowa ya san ba a nomansa. Akwai gayya, wadda ta sa gwauruwa da marar lafiya ba sa rasa noma.

Ba muna cewa zamanin dā aljanna ce ba. An sha fari da yunwa, kamar na 1973 zuwa 1974 da na 1984. Ba kuma za a iya komawa can ba. A ƙidayar 1963 mutanen Nijeriya sun kusa miliyan 56, a ta 2006 sun kai miliyan 140. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai yau jikoki goma ne suke rabonta. Wa zai bar saura alhali abin da yake da shi bai isa ciyar da gida ba? Sakamakon a fili yake: ƙuduji ya yawaita, domin a gajiyayyiyar ƙasa ya fi yin ƙarfi, gonaki suna komawa fako, ruwa yana kwashe ƙasar sama, an sare itatuwa don itacen girki da gawayi, an shiga burtali da noma. Takin zamani yana ciyar da shukar bana, amma shi kaɗai ba ya mayar wa ƙasa jikinta. Wannan aikin takin gargajiya ne da ganye da kara.

Abin da garaje yake jawowa

Karin Magana 13:11 da 21:5 sun koyar cewa dukiyar da aka tara kaɗan-kaɗan ita ce take ƙaruwa, mai garaje kuwa talauci yake tara wa kansa. Jihar Zamfara ta ga wannan da hawaye. Da farashin zinariya ya tashi a kasuwannin duniya, mutane da yawa a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum suka shiga haƙa. Sukan kawo duwatsun cikin gida, a daka a turmi ko a niƙa a injin niƙa. Ba su san duwatsun suna ɗauke da dalma mai yawa ba. Ƙurar ta sauka a tsakar gida inda yara suke rarrafe suna sa hannu a baki. A shekarar 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano cewa gubar dalma ce take kashe yara a ƙauyuka irin su Dareta, 'Yargalma da Abare. Yara wajen 400 suka rasu, dubbai suka bukaci magani. Sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, garin Bagega ma bai sami wannan gyara ba sai 2013.

Ba mu kawo wannan don mu ɗora wa iyayen yaran laifi ba. Talakawa ne masu neman abin sa wa a baki, ba wanda ya gargaɗe su. Kwaɗayin ya fi girma a wurin masu saye da masu cin ribar da ba su taɓa shaƙar ƙurar ba. Darasin shi ne abin da Yakubu ya hango: duk lokacin da aka kora garke da ƙarfi, ƙanana ne suke fara faɗuwa.

Jiki ma gona ne. Matasa da yawa masu ƙodago da masu acaɓa suna shan ƙwayoyi irin su tramadol don su yi aikin kwana biyu a yini guda. A watan Mayu 2018 gwamnatin tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi saboda yadda ake shansa. Ƙwaya ba ta ƙara ƙarfi, tana toshe muryar gajiya ne kawai, gajiya kuwa ƙararrawa ce da Mahalicci ya sa a jiki. Haka kuma maganar kuɗi. Da tsarin MMM ya tsaya a Disamba 2016, masu bi da yawa suna cikin waɗanda suka yi asara, har da waɗanda aka jawo su a harabar sujada. 1 Timoti 6:9-10 ta riga ta bayyana irin wannan tarko.

Misalin Maradi

Akwai wurin da aka gwada hanyar sannu a kan ƙasa, aka ga amfaninta, kuma ƙasar Hausa ce. Maradi tana Jamhuriyar Nijar, arewa da Katsina, ruwan samanta bai kai na Tsafe ba. A farkon shekarun 1980 gonakin yankin sun zama fili fetal, iska tana binne shuka da rairayi. Wani ma'aikacin mishan na SIM ɗan ƙasar Ostareliya, Tony Rinaudo, ya yi shekaru yana raba dashen itatuwa, akasarinsu suna mutuwa saboda rana da awaki da gara. A 1983 ya lura cewa 'yan tsiron da ke ko'ina a gonaki, waɗanda manoma suke sassabewa suna ƙonewa kowace shekara, tohon kututturan itatuwa ne da aka sare tun dā. Saiwarsu tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa, ta riga ta kai ga danshi.

Hanyar ba ta da tsada. Manomi yakan zaɓi kututturan da yake so, a kowanne ya bar 'yan rassa masu ƙarfi, kamar ɗaya zuwa biyar, ya datse sauran da wuƙa mai kaifi, ya aske ƙananan rassan ƙasa, ya tsare su daga wuta da dabbobi. Tun da saiwar babba ce, itacen yakan yi saurin tashi fiye da dashe. A Nijar ana kiran wannan sassabin zamani. A yunwar 1984 an haɗa shi da rabon abinci. Da rabon ya ƙare mutane da yawa suka sare itatuwan, amma waɗanda suka bar nasu suka ga itacen girki a kusa, ganyen dabbobi, da gonar da iska ba ta binnewa. Daga nan maƙwabci ya koya daga maƙwabci. Manoman yankin Damagaram ma suka raya gawo da yawa a gonakinsu. Masu binciken da suka gwada hotunan sama na dā da na baya sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da kusan hekta miliyan 5 a Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200. A 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood, a shekara ɗaya da Yacouba Sawadogo, manomin Burkina Faso da ya raya fako da ramukan taki, irin waɗanda ake kira tassa a Nijar.

A gonakin Tsafe da Bunguɗu akwai kalgo, sabara, geza, magarya da aduwa masu toho haka kowace shekara. Wanda ba zai iya barin gonarsa ta zama saura ba, zai iya barin kututture ashirin su tashi. Hutu ne da ƙasa take samu alhali ana nomanta. Aikin yana bukatar haƙurin shekara biyu ko uku, da yarjejeniya da maƙwabta cewa ba wanda zai sare na wani. Wato ko itace ba ya tashi sai da natsuwa da amana.

Gaggawar dole

Dole mu faɗi gaskiya a nan. Fiye da shekara goma ke nan 'yan bindiga suna addabar Zamfara, ƙasar Tsafe kuwa tana cikin wuraren da abin ya fi tsanani. An bar gonakin da suke nesa da gari. An tilasta wa ƙauyuka biyan kuɗi kafin su yi shuka ko girbi. Wasu sun yanke hatsi bai gama bushewa ba don kada a riga su. Iyalai sun watse zuwa Tsafe, Gusau da Funtuwa. A Satumba 2021 an rufe layukan waya a jihar, an kuma dakatar da kasuwannin mako, abin da ya ƙara wa talaka ƙunci ko da an yi shi don tsaro. Mutumin da yake noma yana waiwaye, idan muka ce masa ya bi a hankali ba tare da bayani ba, ba'a muka yi masa.

Littafi Mai Tsarki ya san irin wannan gaggawa, bai kuma hukunta ta ba. Isra'ila sun ci Idin Ƙetarewa na fari da sauri, da takalma a ƙafa (Fitowa 12:11). Yusufu ya tashi da dare ya gudu da Yesu da Maryamu zuwa Masar (Matiyu 2:14). Yesu ya ce wanda sansa ya faɗa rijiya ran Asabar zai fid da shi nan da nan (Luka 14:5). Gudun ceton rai ba rashin bangaskiya ba ne. Gaggawar da Maganar Allah take yaƙa ita ce ta kwaɗayi, da ta fushi, da ta gasa.

To, me ya rage na natsuwa ga wanda aka kora daga gidansa? Labarin Iliya a 1 Sarakuna 19 yana da amsa. Ya gudu daga Yezebel, ya kwanta a gindin itace yana roƙon mutuwa. Allah bai fara da wa'azi ba. Ya bar shi ya yi barci, ya ba shi abinci da ruwa har sau biyu, daga baya ya yi masa magana da murya marar ƙarfi, ya kuma ba shi abokin aiki, Elisha. Wannan tsari ne ga ikkilisiya. Wanda ya tsere daga ƙauyensa yana bukatar tabarma, tuwo, da wanda zai saurare shi ba tare da ya katse shi ba. Hutun da ba zai iya ba kansa ba, mu da muke zaune lafiya mu ne za mu ba shi, ta wurin ɗaukar masa wani sashi na kayansa (Galatiyawa 6:2).

Kirki ga maƙwabci

Rikicin makiyaya a kan ciyawa da ruwa tsoho ne. A Farawa 13 makiyayan Ibrahim da na Lutu sun yi faɗa, Ibrahim wanda shi ne babba ya bar wa ƙarami zaɓi don zumunci ya tsira. Ishaku ya bar rijiya biyu da aka yi masa gardama a kansu, ya haƙa ta uku (Farawa 26:19-22).

Masu bi 'yan kaɗan ne a wannan yanki, yawancin waɗanda aka kashe ko aka sace kuwa maƙwabtanmu Musulmi ne. Makiyaya da yawa su ma an kwashe musu shanu, an kashe musu 'yan'uwa. Yanke wa kabila guda hukunci saboda laifin wasu daga cikinta, garaje ne na zuciya. Karin Magana 18:13 ta kira amsa magana kafin a ji ta wauta, Yakubu 1:19-20 kuma ya ce mu yi hanzarin ji, mu yi jinkirin magana da fushi. A zamanin waya wannan ya shafi yatsa. Hoto ko muryar da aka turo ta WhatsApp, wadda ba mu san asalinta ba, tana iya tayar da unguwa kafin gari ya waye. Kirki bai hana neman adalci ba. Muna kai ƙara ga hukuma, muna kuma matsa mata ta yi aikinta na tsare rayuka (Romawa 13:3-4). Abin da aka hana mu shi ne ramuwa da hannunmu (Romawa 12:17-21). Amincin da aka gina shekara hamsin yana iya ƙonewa a yini guda, sake tayar da shi kuwa ya fi rainon gawo daɗewa. Duk da haka, kamar kututture, sau da yawa saiwarsa tana nan. Gaisuwa, zuwa ta'aziyya, da cika alkawarin ciniki su ne tohon da za a tsare.

Abin da za mu iya yi

A gona: mu bar kututture masu toho, mu daina ƙone kara da ganye, mu tara takin dabbobi da sharar gida a rami, mu riƙa juya hatsi da wake ko gyaɗa. Mai feshi ya karanta ƙa'idar magani, ya rufe hanci da baki, kada a zuba ruwan sha a jarkar da ta ɗauki maganin.

A rumbu: hatsi yakan yi araha da kaka, ya yi tsada da tsakiyar damina. Kada bikin da za a iya ragewa ya sa mu sayar da abin da za mu sake saya ninki biyu. Buhun PICS mai ninki uku yana adana wake ba tare da magani ba. Inda tsaro ya yarda, ikkilisiya za ta iya ware wani kaso na baikon godiyar kaka ta ajiye don watannin yunwa, kamar yadda Yusufu ya yi a Masar (Farawa 41), a kuma taimaki mabukaci ba tare da tambayar addininsa ba.

A gida: hutun Lahadi ya kai ga uwargida, da yarinyar da take aiki a gidan, da jaki da shanun huɗa. Idan maigida ya huta amma matarsa tana tsaye daga asuba har dare, ba a kiyaye Fitowa 23:12 ba. A biya ɗan ƙodago a ranar da ya yi aiki. A sami lokacin da za a ajiye waya a ci abinci tare, a yi addu'a tare.

A ikkilisiya: mu fastoci da dattawa mu fara da kanmu. Mun cika mako da tarurruka har iyali ba sa samun maraice guda tare. Muna jera gidauniya a kan gidauniya, muna gasar gini da ikkilisiyar da ke kusa, alhali gwauraye suna cikinmu. Mu auna shirye-shiryenmu da ƙafar mai rauni, yadda Yakubu ya yi. Matan zumunta da matasa za su iya farfaɗo da gayya don gonar gwauruwa da ta wanda aka sace masa mai gida ko ɗa.

Yakubu 5:7 ya ba mu manomi a matsayin malamin haƙuri, wanda yake jiran ruwan fari da na ƙarshe domin ya san girma ba a hannunsa yake ba. Bahaushe ya ce sannu ba ta hana zuwa. Mu yi namu aikin da aminci, mu bar saura ga ƙasa da maƙwabci da jikinmu, sauran kuwa mu bar wa Ubangijin girbi.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Wane iri ne muke ci yanzu a gidanmu: na gona, na lafiya, ko na zumunci?
2. Wa ya fi rauni a gidanmu da ikkilisiyarmu, kuma shirye-shiryenmu suna tafiya daidai da ƙafarsa?
3. Ta yaya za mu bambanta gaggawar dole da gaggawar kwaɗayi a aikinmu na wannan mako?
4. Wane maƙwabci ne muka daina gaisarwa saboda tsoro ko fushi, me kuma zai zama matakin farko na gyara?